Yinin da Kawu Bai Zauna Ba

A rana ta biyu ta zaman makoki ne muka fara lura da baƙin fuskoki. Mutanen Wurno mun san su, na Rabah da na Kagara ma haka, tun da duk wanda ya taɓa dasa albasa a fadamar nan, ko ya kai ɗinkin Sallah a shekarun baya, ya san Kawu, yayan mahaifiyata. Amma sai ga wasu samari sun sauka daga babura, yatsunsu duk tabon dalma, suka durƙusa suka yi gaisuwa irin ta wanda ya rasa nasa. Ba su jima da zama ba wasu suka iso da tsani ɗaure a kan mota, da alama daga wurin kafa sola suka biyo.

Babban ɗan Kawu ne ke karɓar gaisuwa. Dillalin albasa ne a kasuwar Goronyo, kuma taubashina ne, abokin wasana tun muna yawo ba wando. Ya karkato ya raɗa mini, "Kai malam, waɗanga ta wace kaka munka haɗu da su?"

Na ce, "Dangin Kawu na, ta wajen tambaya."

Ɗaya daga cikin samarin, mai gyaran waya a Goronyo, ya ji mu. Ya ce, "Baba ya taɓa yini shagona. Tun sahe hal la'asar shina zamne, bai kawo gyara ba, bai sai komi ba. Da hwarko na zaci ɓarawon sana'a na, sai nid duba nig ga ko ya sata ba ya da idon amfani da ita."

Aka yi 'yar dariyar da ake yi a gidan mutuwa, wadda ba ta wuce maƙogwaro. Wani tsoho da suka yi makarantar allo tare da Kawu ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya roƙa masa gafara da rahama, ya ce Allah ya ba shi ikon amsa tambaya. Ya shafa, sannan ya ƙara da ƙaramar murya, "In dai ya bari anka yi mai ita kahin shi hwara tashi."

Mahaifiyata kuwa, da na shiga cikin gida, ba ta yi maganar ciwonsa ko haƙurinsa ba. Cewa ta yi, "To yanzu wa za shi tambaye ni mi nis sa ma miya?" Ta juya fuska ga bango.

Na zauna rubuta wannan ne domin irin su Kawu ba sa barin gini, ba sa barin littafi. Abin da suka bari yana bakin mutane, bakin mutane kuwa aiki ya yi masa yawa. Allah ne ya ba mu shi, ya kuma karɓi abinsa a farkon daminar nan, ba mu da ta cewa sai godiya a kan tsawon aron.

Tela ne da ƙuruciya. Da idonsa ya fara gardama da ramin allura sai ya koma fadama. Ya sauke Alƙur'ani, ya ɗan taɓa littattafai, amma boko ko baƙi ɗaya bai sani ba, kuma bai taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba. Ya ɗauke shi izinin tsare duk wanda ya yi bokon da tambaya. Rediyon farko da ya saya bai kwana ba sai da ya kwance shi. Da aka mayar aka sami ragowar kusoshi a tabarma, rediyon kuma bai ƙara cewa uffan ba. Kawu ya ce ba a yi asara ba, aƙalla ya tabbatar babu kowa a ciki. Har ya rasu yana nan a kan cewa sabis ɗin waya yana gajiya da rana tsaka kamar jaki, shi ya sa ba ya kiran kowa sai da sanyin yamma. Na yi masa bayani yadda na karanta. Ya saurara da ladabi har na gama, ya ce bayanina ya yi kyau ƙwarai, ya ci gaba da kira da yamma.

Abin da aka fi saninsa da shi a dangi shi ne zaman yini. A gidanmu ba a tura yaro koyon sana'a, kai shi ake yi. Kafin a kai shi ɗin kuma, Kawu zai ɗauki buzunsa da 'yar furarsa a gora, ya sa yaron gaba, su je wurin mai sana'ar ya nemi izinin zama. Daga buɗe shago har rufewa yana gefe yana kallo, yana tambayar sunan kowane ƙarfe. Idan rana ta yi sanyi sai ya faɗi ɗaya daga cikin magana biyu. Ko dai ya fito da goro ya ce, "Ga shi nan, amana," ko ya naɗe buzu ya ce wa yaron, "Tashi mu tai." Dalili kuwa ba ya bayarwa. Ya taɓa yi wa kafintan da ya fi kowa suna a Wurno "tashi mu tai," mutumin ya yi shekaru ba ya amsa sallamar kowa a gidanmu, Kawu bai taɓa faɗin laifinsa ba. Ba kuma 'ya'yan dangi kaɗai yake yi wa ba. Da maƙwabcinsa ya rasu ya bar yaro mai son walda, Kawu ya bar shinkafarsa tana jiran yanka, ya yi ta yini wurin masu walda daga Wurno har Rabah, sai da ya sami wanda ya ba goro. Mun yi ta hasashen abin da yake dubawa. Wasu suka ce tsaftar wuri, wasu suka ce ko mutum yana tashi salla a kan lokaci. Ni na daɗe ina zaton son kallo ne kawai ya sami rigar al'ada ya saka.

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Rabah. Da aka ce kowace makaranta ta fitar da mai ba ɗalibai shawara a kan abin da za su zama, aka duba aka ga na fi kowa yawan magana, aka ba ni. Wato mutumin da bai taɓa riƙe wani kayan aiki ba sai alli shi aka ɗora wa nuna wa yara sana'o'in duniya. A ajin kusa da ƙarshe akwai jikar Kawu, 'yar taubashin nan nawa, wadda ke zaune a gidana saboda karatu. Sunan mahaifiyar Kawu ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, Innata yake ce mata.

Shekarar da ta wuce na shirya ranar sanin sana'o'i, na gayyato wani matashi daga Sakkwato ya yi wa yara bayanin ayyukan fasahar zamani. Kawu ya zo Rabah neman kayan injin ban-ruwa, ya ji labari, sai ga shi a bayan ɗakin taro a kan buzu, ba wanda ya gayyace shi, ba kuma wanda ya isa ya tashe shi. Baƙon ya ce akwai masu rubuta manhaja, wato umarnin da ke sa waya da kwamfuta su yi abin da suke yi. Akwai masu tsare asusun mutane daga ɓarayin da ba sa fasa ƙofa. Akwai masu tashin ɗan ƙaramin jirgi marar matuƙi, su dubi gona daga sama su ce ga inda ruwa bai kai ba. A nan na ga Kawu ya gyara zama. Da aka ce mai tambaya ya yi, yara suka yi abin da ɗalibai suka fi ƙwarewa a kai, suka dubi ƙasa. Hannu ɗaya ne ya tashi, daga baya.

"Ɗana, wa yak koya maka?"

"Wurare da yawa, Baba. Amma mafi yawa intanet."

"Shina da rai?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Kawu ya jira ta lafa, domin shi ba wasa yake yi ba. Ya ce, "Abin da nika nuhi, in ka yi aikin banza, wa aka zagi bayan kai?"

Baƙon ya yi tunani, mutumin kirki ne. Ya ce, "Ni kaɗai."

"Allah sarki," in ji Kawu. "Ashe kai maraya na."

Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne jikar ta riga ta yi nisa. Da tsohuwar kwamfutar makaranta da wayata da take ara da sunan aikin gida, ta koyi rubuta 'yan ƙananan manhajoji. Ta yi wata da ke zaɓar wanda zai share aji ba tare da son kai ba. Abin ya zaɓe ta ranaku a jere, ta ƙi taɓa shi, ta ce idan ta gyara don kanta to ya zama shugaban aji ke nan. Da yamma a tsakar gidana ta durƙusa gaban kakanta ta ce wannan take so ta karanta, ba wani abu ba.

Kawu ya ce, "To, Innata, wa aka kai ki wurinai?"

Ta buɗe wayar ta nuna masa bidiyon wani mutum a wata ƙasa mai nisa yana koyarwa. Kawu ya gyara hula, ya matso da fuska, ya yi sallama. Mutumin ya ci gaba da magana. Kawu ya sake sallama, ya ƙara da tambayar gida da iyali da gajiya. Jikar tana danne dariya ta ce, "Kaka, ba ya jin ka. Tuni yay yi maganag ga, ajiye ta anka yi."

"Ya san ki?"

"A'a."

"In kin kwana biyu ba ki zo ba, za shi aiko a gani ko lahiya?"

"Kaka, ba ya ma san ina duniya ba."

Ya mayar mata da wayar da hannu biyu, kamar abin da ba ya son ya fasa. Ya ce, "Wanga wa'azi shika yi, ba koyarwa ba. Ki ci gaba da saurare, wa'azi ba ya ɓaci. Amma ni ba ni ba gilashi amana. Bari in nemo mai sana'ar."

Uban yarinyar kuwa tuni ya yanke nasa. Makarantar koyon aikin jinya yake so ta shiga, kuma ba zan ce ba shi da hujja ba. Aiki ne da ake gani da ido, asibiti yana nan kusa, mace tana yin sa da mutuncinta, dangi kuma su sami na kansu a wurin da kowa ke buƙatar na kansa. Wancan kuwa, in ji shi, aikin masu zama cikin ɗaki ne suna danne-danne, ba a san mai gidansu ba, ba a san ranar kasuwarsu ba, rabinsu ma damfara suke yi. Suka haɗu a zauren Wurno, ina wurin.

Kawu ya ce, "Ni ban ce ta yi ba. Ban ce kada ta yi ba. Cewa niy yi ban gani ba tukuna."

"Baba, abin da ba a gani ina za ka zamna ka gane shi? Dut shagon nasu cikin waya shike."

"Mutum na ka yin shi ko aljani?"

"Mutum na."

"To shina zamne wani wuri. Shina cin tuwo."

Taubashi ya hasala. Ya ce 'yarsa ce, shi zai amsa tambaya a kanta. Ya ce zamani ya wuce zaman buzu, kuma ba ya son a riƙa nuna ubansa a kasuwa ana cewa ga tsohon da ke bin shagunan yara. Wannan ta ƙarshen ita ta yi ciwo. Kawu ya dubi tafin hannunsa. Daga ranar suka daina cin tuwo a kwano ɗaya har aka cire albasa. Suna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙo.

Bai fasa ba. A shekarunsa, da ƙafar da ke kumbura, da hanyar da yanzu ba a shiga sai an tambayi labarinta, ya fara yawon neman uban sana'ar kwamfuta. Ya yini wurin mai gyaran wayar Goronyo, ya dawo ya ce yaron kirki ne amma jikin waya yake yi wa magani, Innarsa kuwa hankalin wayar take nema. Ban san inda ya samo wannan bambancin ba, na kuwa are shi na yi ta amfani da shi a aji. Ya bi masu kafa sola har cikin gonaki a Rabah, ya ga famfo yana zuba ba fetur ba hayaƙi, ya zagaya shi yana neman inda aka ɓoye injin. Ya je wani wurin da ɗalibai ke rubuta jarrabawa da kwamfuta, mai gadi ya hana shi shiga, sai ya yini da mai gadin. Duk inda ya je tambayarsa ta ƙarshe ɗaya ce, ko sun san wanda ke rubuta abin da ke cikin wayar, mai rai, wanda za a iya yi wa sallama ya amsa.

Masu sola ne suka yi masa kwatancen wata mata 'yar garin Rara. Ta karanta kwamfuta a jami'a, aure ya kawo ta Goronyo, tana yi wa wani kamfani aiki daga ɗakinta. A dogon hutu kuma takan tara ɗaliban sakandare a wani shago bayan rumbunan hatsi, ta nuna musu yadda aikin yake don su gani ko nasu ne. Kawu ya je ya yi sallama, ta amsa. Ya faɗa mini wannan da fuskar wanda ya ga ruwa a sabuwar rijiya. "Ta amsa, malam. Hal ta tambaye ni ƙahwata." Ta ce masa yara ba sa zuwa sai an yi hutu. Ya ce ranar da za ta buɗe zai zo da jikarsa ya yini. Goro bai ba ta ba, domin ba a ba da goro kafin zama.

Hutun bai same shi ba. Ruwan farko ya sauka yana kwance a asibiti. Na je duba shi na tarar ya tsare ma'aikaciyar jinya da tambayar yadda ruwan da aka rataya masa ya san ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo bai zubo gaba ɗaya ba. Ta nuna masa ɗan abin da ake murzawa, ya ce a bar shi ya murza, ta ƙi. Taubashi yana bakin gadon, yana yi masa fifita, sun koma magana gajera irin ta 'yan gida. Da ya fita sayo magani na matsa na ce, "Kawu, don Allah, mi kaka dubi in ka zamna?"

Ya ce, "Kai ba malami ba na? Ka gano."

Ita ce maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, kuma na lura ko a nan tambaya ya fara yi.

Bayan an share makoki ba wanda ya ƙara ta da zancen. Yanzu taubashi ne babba, kalmarsa ce kalma. Jikar ta daina aron wayata. Ta fara karanta littafin ilimin halittu da irin ƙwazon mai shan magani. Na yi niyyar yin magana, sai na ga mutumin da ya binne ubansa bai daɗe ba, ba a zuwa masa da shawarar malamin shawara.

Ranar da aka ce matar za ta buɗe shagonta, da hantsi, sai ga motar taubashi a ƙofar gidana. Bai fito ba. Ya ce, "Kira ta. Kai ma shigo, ɗan mace, ka yi shaida. Baba ya yi ma matag ga alkawalin yini, ba ni barin a ce ya tahi da alkawali. In zamna, in ce a'a, kowa shi huta."

Na ce, "Alhajin albasa za shi makaranta. Ka taho da allo?"

"Shigo ko in bar ka."

Shagon ƙarami ne, yana warin gero daga maƙwabta. Tsofaffin kwamfutocin tebur ne jere a jikin bango, duk suna shan wuta daga igiya ɗaya da ta ratso ƙasa daga batirin sola. Yara maza da mata sun cika benci. Malamar ta yi wa taubashi ta'aziyya, ta ce Baba ya ce zai zo. Ya ce, "Ni niz zo madadinai." Ta sa aka kawo masa kujera, ta zaunar da jikar cikin yara, ta fara aiki kamar ba mu nan.

Ban taɓa ganin mutum ya sha wahalar zama kamar yadda taubashi ya sha a ranar ba. Ya yi hamma, ya fita amsa kiran masu albasa, ya dawo, ya yi gyangyaɗi har hula ta zame. Malamar tana nuna wa yara yadda za su sa kwamfuta ta zana gona ta raba ta fangali-fangali, kowa ya yi nasa. Ni kaina abin ya ja ni, har na manta ni shaida ne na karɓi gefen benci. Jikar kuwa ta manta da ubanta, ta manta da ni, harshenta a waje kaɗan kamar yadda take yi tun tana koyon rubutu. Aka yi azahar aka dawo. Komai yana tafiya lami lafiya, kuma na lura lafiyar ce ke damun taubashi. Ya daina hamma, ya fara duban yaran ɗaya bayan ɗaya kamar mai jiran wani abu.

Can ya ce wa 'yarsa ta miƙo masa ruwa. Ta tashi, ta ɗebo a randa, ta nufo shi ta tsallaka igiyar wutar. Ta tsallaka sarai, da idona na gani. Da idona kuma na ga ƙafar taubashi ta fito daga ƙarƙashin babbar riga ta ja igiyar. Duk kwamfutocin suka mutu lokaci ɗaya. Aikin da yara suka yi tun safe ya tafi.

Yara suka yi ca a kanta. Wani ya ce ba ta gani ne, wata ta ce dama baƙuwa ce. Jikar ta tsaya da kofi a hannu. Malamar ta rufe ido na ɗan lokaci, na ga muƙamuƙinta ya motsa, domin nata aikin ma yana kan ɗaya daga cikin kwamfutocin. Da ta buɗe ta ce, "Ku yi shiru. Wa nik koya ma yadda aka adana aiki?" Ba wanda ya ɗaga hannu. "To laihin na wa na? Igiya kuma wa yab bar ta tsakar hanya?" Ta dubi jikar ta ce, "Kai ma Alhaji ruwanai, ki zo ki mai da wutar da hannunki. Ke za ki hwara koyon adanawa, ki koya ma sauran."

Da muka fita la'asar na tare shi a wurin alwala. Na ce, "Na gan ka."

Bai musa ba. Yana wanke ƙafar da ta yi aikin ya ce, "Ran da Baba yak kai ni wurin mai gidana na albasa, mun yini ba abin da yaf faru. Da yamma sai Baba yat taka bakin buhun da nika ɗauka, albasa ta watse hal cikin kwata. Sai da nig girma nit tambaye shi, sau ɗaya. Yac ce shi bai san albasa ta kasuwa ba, bai san katako ba, bai san walda ba, mi za shi gane ga yini guda? Jira shika yi yaro shi yi ɓarna, shi ga huskar mai gida. In yaro ya ƙi yi, shi taimaka mai."

Na tsaya da buta a hannu. Shekarun da na yi ina hasashe, ashe amsar tana wurin mutumin da ban taɓa tunanin tambaya ba, saboda na saba da shi da yawa.

Na ce, "To ai ka zo ka ce a'a."

"Na zo in ce a'a," ya ce. "Kai ka cika surutu."

Da aka tashi yara ya tsaya har shagon ya rage mu kaɗai. Ya laluba aljihu ya fito da ƙullin goro, wanda ke nuna mai cewa a'a ya biya kasuwa tun da safe. Ya kama hannun 'yarsa, abin da ban ga ya yi ba tun tana ƙarama. Ya ce, "Malama, ni ban gane komi ba ga abin da kuka yi, kuma hal yanzu na hi son jinya. Amma ga ta nan. Amana. In hutu ya ƙare tana so, ta karanta shi."

Malamar ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya ba ta ikon riƙewa, ya jiƙan wanda ya fara zuwa. Muka ce amin, jikar tana share ido da gefen hijabi. Har mun kai ƙofa sai malamar ta ce, a hankali yadda yarinyar da ta riga mu fita ba za ta ji ba, "Alhaji, in ka sake zowa, kujerarka na can wajen taga. Nesa da igiya."

Taubashi ya tsaya cak. Sai ya fashe da dariya, ta farko tun da aka yi rasuwar, har ya dafa bango. A mota jikar ta yi barci a kujerar baya, muna wuce gonakin gero da suka fara rufe ƙasa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ta gani, kuma ba ta kunyata ni gaban ɗiyata ba. Da Baba ya ga wagga rana."

Allah ya yafe wa Kawu albasar da ya watsar da duk ɓarnar da ya taimaka aka yi, ya karɓe shi da fuskar da ya yi ta nema wa 'ya'yan mutane.